Daga Game Boy zuwa Switch 2: tarihin gem ɗin hannu daga bakin ɗan Mayo Gwoi

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda ke cikin lakca ya ajiye sai ya fito.

Tun da kamfanin Nintendo ya fitar da Switch 2 ranar 5 ga Yuni 2025, musu ɗaya ke yawo a hostal, a teburin mai shayi, har cikin guruf ɗin aji: wai wannan 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu ta kai PS4? Ta kusa PS5? Wasu sun rantse ta wuce, wasu sun ce abin wasan yara ce kawai. Har na ji wani yana lissafin sayar da laftof ɗinsa ya cika kuɗi ya saya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, domin musun nan ya girme mu duka, kuma tarihi ya amsa shi sau da yawa.

Da farko mu fahimci abin da ake musu a kai. Akwai gem ɗin gida, wanda ake jonawa da talabijin da wutar lantarki, akwai kuma gem ɗin hannu mai aiki da batir. Idan aka ƙera wasa don na gida, daga baya aka gyara shi ya shiga na hannu, ni ina kiran wannan ƙaura. Kamar ɗalibi ne zai bar gidan iyayensa ya koma ɗakin hostal da jakar Ghana-must-go biyu. Gado ba zai shiga ba, firij ba zai shiga ba. Gwanintar duka tana wurin zaɓen abin da za a bari a gida.

ZAMANIN YAYYENMU

A 1989 Nintendo suka fitar da Game Boy. Sikirin ɗinsa ba kala, launi huɗu kacal tsakanin haske da duhu, ɗigo 160 a kwance, 144 a tsaye. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Gunpei Yokoi, yana da ra'ayin cewa gara a ɗauki tsohuwar fasaha mai araha a yi mata sabon amfani da a bi sabuwa mai tsada. Tsohuwar zuma ke nan, da ita ake magani. A 1990 Sega suka amsa da Game Gear: sikirin mai kala, mai haske, kuma a cikinsa kusan na'urarsu ta gida ce, Master System, aka dunƙule. A ido, Game Gear ya yi wa Game Boy fintinkau. Amma Game Gear na shan batir 6 a cikin awa 3 zuwa 5, shi kuwa Game Boy batir 4 suna kai shi awa 15 ko fiye. Ƙarshen labari: Game Boy da ƙanensa mai kala sun sayu sama da miliyan 118, Game Gear bai wuce wajen miliyan 11 ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wasan da ya fi nuna yadda ƙaura take a wancan zamani shi ne Mortal Kombat. Ya fito a gidajen wasa na Amurka a 1992, a Satumban 1993 aka kai shi na'urori huɗu rana ɗaya. A Sega ta gida jinin yana nan, sai dai ka danna wasu maɓallai na sirri kafin ya fito. A Super Nintendo an mayar da jinin gumi. A Game Boy an cire Johnny Cage gaba ɗaya, kuma wasan ya yi nauyi, ka danna naushi sai ka jira shi. A Game Gear kuwa, wanda aka bari a gida shi ne ɗan faɗan da ake kira Kano. 'Yan Kano na cikinmu ku yi haƙuri, ba ni na cire ku ba. Suna ɗaya, kwali iri ɗaya, amma wasa huɗu daban-daban.

A lokacin Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, tunda a 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiri Taraba. Yayyenmu na Mayo Gwoi ba Game Boy suka riƙa ba. Abin da ya iso musu shi ne jabun Famicom, na'urar da Nintendo suka yi tun 1983, mai kaset ɗin nan da aka rubuta wasa 9999 a jiki, ka kunna ka tarar wasa kaɗan ne ake ta maimaitawa: Mario, Contra, tankar yaƙi, da harbin agwagwa. Gem ɗin hannunsu kuma shi ne ɗan robar nan na jera bulo, wanda kwaikwayon Tetris ne da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Wato tun daga farko mu a nan jiya muke saya, ba yau ba.

A 2001 Game Boy Advance ya fito, ya fara ɗauko wasannin Super Nintendo ta 1990, irin su Super Mario World. Tazarar shekara 11 ke nan kafin abin da ke kan talabijin ya shiga aljihu, kuma ko a nan sai da aka rage: maɓallan gaba huɗu suka koma biyu, sauti ya ragu. A wannan shekarar ce dai GSM ya shigo Najeriya, shi ya sa gem ɗin hannu na farko da mafi yawan iyalai suka sani shi ne macijin Nokia 3310, wanda ake buga wa a ɓoye idan Baba ya shiga wanka.

BENCIN PS2

Nan ne nawa zamanin ya fara. PS2 ta fito a Japan a Maris 2000, ita ce na'urar gem da ta fi kowace sayuwa a zamaninta, sama da miliyan 160. Amma mu sai da ta tsufa a can ta yi ƙuruciya a nan. Gwanjonta ke sauka a kasuwar Alaba a Legas, ko a bi ta Onitsha ko Kano, kafin ta iso Jalingo. Duk wanda ya tashi a Mayo Gwoi ko Sabon Gari ko Magami ya san irin shagon: rumfar kwano, talabijin mai ƙeya guda biyu ko uku, benci, ƙaramin janareta a waje yana ta hayaniya, fad ɗin da aka ɗaure wayarsa da salatif. Dokar gidan ɗaya ce: wanda aka ci ya tashi, kuma shi zai biya. Canjin aike da yawa ya ƙare a nan, kunnuwa da yawa sun sha murɗa a gida saboda nan.

Ƙwallon Konami muke bugawa, Winning Eleven da PES. Wanda ya taɓa buga PES 6 na 2006 ya san abin da Adriano na Inter ke yi wa gola. Ba a zuwa don hoto. Ana zuwa ne don mutum goma da ke tsaye a bayanka suna ihu, da wanda zai bi ka har bakin gada yana tuna maka ci huɗu da ya zura maka.

A Disamba 2004 Sony suka fitar da PSP da alkawarin cewa PS2 ce a aljihu. Sikirin inci 4.3, ɗigo 480 da 272, ɗan faifai mai ɗaukar gig 1.8, alhali faifan DVD na PS2 na ɗaukar gig 4.7. Sandar juyawa ɗaya maimakon biyu, maɓallan sama biyu maimakon huɗu. To me aka bari a gida? PES 5, wanda ya fara zuwa PSP a 2005, ya zo ba Master League, ba mai sharhin wasa. Ƙwallon tana nan, tana da daɗi, amma filin shiru kamar makabarta. Daga baya aka dawo da Master League.

Sai dai a PSP ɗin nan aka ga wani abu mai muhimmanci. Wasannin da suka fi kyau a kanta su ne waɗanda aka ɗinka daidai jikinta tun farko. God of War: Chains of Olympus na 2008 da Ghost of Sparta na 2010 don PSP aka yi su, shi ya sa ba ka jin an rage komai. GTA: Liberty City Stories ma a PSP ya fara a 2005, sai a 2006 aka kai shi PS2. Ƙaura ta juya, ɗan hostal ya koma gida da kayansa. Riga da tela ya auna ka ya ɗinka ba ɗaya take da wadda aka rage maka daga ta yayanka ba.

GEM ƊIN HANNUNMU NA GASKIYA

Mu nawa ne muka mallaki PSP? Kaɗan ƙwarai. Amma mu nawa ne muka buga wasannin PSP? Kusan kowa. Dalili shi ne wani mutumin Suwidin, Henrik Rydgård, wanda a Nuwamba 2012 ya saki manhajar PPSSPP kyauta, wadda ke sa wayar Android ta kwaikwayi PSP. Da Tecno da Infinix da itel suka cika gari, sai kowace waya ta zama PSP. Ba ka buƙatar data ma, Xender kawai, ka tsaya kusa da aboki minti biyar.

Ga abin da wasu ba su sani ba. PES na ƙarshe da Konami suka yi wa PSP da PS2 shi ne PES 2014. Tun 2021 ma suka canja sunan wasan zuwa eFootball. Saboda haka wannan "PES 2024" ko "PES 2025" da ke cikin wayarka, mai Osimhen da Lookman da sabuwar rigar Barcelona, ba daga Konami yake ba. Tsohon wasan PSP ne masu sha'awa suka sauya wa sunaye, riguna da fuskoki. Tsohuwar mota ce da sabon fenti, injin na nan yadda yake. Kuma ba laifi ba ne, motar tana tafiya. Ta kai mu cikin yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022, ta kai mu cikin dare da yawa da aka ɗauke wuta. A wayar da ta fi ƙarfi ma, PPSSPP na iya zana wasan da ɗigo fiye da na PSP ta asali, ya fi kyau a hannunka fiye da yadda ya taɓa yi a na'urar da aka yi shi dominta.

SWITCH TA FARKO

Switch ta fito ranar 3 ga Maris 2017, da guntun Nvidia irin na manyan wayoyi, ƙwaƙwalwa gig 4, sikirin 720p. Ƙarfinta ya fi kusa da zamanin PS3 ta 2006 fiye da PS4 ta 2013. Duk da haka aka yi mata ƙaurar da mutane suka ce ba za ta yiwu ba. Doom, wanda ke gudu da hoto 60 a daƙiƙa a PS4, kamfanin Panic Button ya shigar da shi Switch a 2017 da hoto 30. The Witcher 3 ya zo a Oktoba 2019 ta hannun Saber Interactive, labarin duka, garuruwan duka, a kati ɗaya na gig 32. A PS4 1080p ne, a hannu ya koma 540p. Bishiyoyi sun ragu, fuskoki sun ɗan dushe kamar ana kallo ta cikin hazon Disamba, amma babu aikin da aka cire. Wannan ita ce ƙaura mai mutunci.

Akwai kuma marar mutunci. FIFA 20, 21, 22 da 23 na Switch duk kusan wasa ɗaya ne, EA da kansu suka rubuta Legacy Edition a jiki, sunayen 'yan wasa da riguna kawai ake sauyawa. Abin da yaran PPSSPP ke yi kyauta, su kuɗi suke karɓa a kai. Sai a FC 24 na 2023 suka kawo injin wasan na gaske, shi ma da hoto 30 a daƙiƙa. A 2023 ɗin dai Mortal Kombat 1 ya zo Switch a kan dala 70, farashi ɗaya da na PS5, da fuskoki masu zazzaro idanu har duniya ta yi ta dariya. Shekara 30 bayan abin da aka yi wa Game Boy, gidan jiya aka koma.

TO SWITCH 2 FA?

Ga abin da ke cikinta: sikirin inci 7.9 mai 1080p, ƙwaƙwalwa gig 12, ma'ajiya gig 256 mai sauri, da wata dabarar Nvidia da ake kira DLSS. Yadda dabarar ke aiki shi ne na'urar ta zana hoton da ɗigo kaɗan, sannan ta cike sauran da hasashe daga hotunan da suka gabata. Ido na ganin hoto mai kaifi, batir kuma bai biya cikakken kuɗinsa ba. A kwana 4 na farko an sayar da sama da miliyan 3.5.

Babban gwajin shi ne Cyberpunk 2077. Wasan nan ya fito a Disamba 2020, ya yi muni a PS4 har Sony suka cire shi daga shagonsu na intanet, bai dawo ba sai Yuni 2021. Matsalar PS4 ita ce tsohuwar ƙwaƙwalwar sarrafawa da ma'ajiya mai jinkiri, birnin ba ya iya loduwa da saurin motarka. Ƙarin labarin da aka yi masa a 2023, Phantom Liberty, ko zuwa PS4 bai yi ba. A Switch 2 kuwa wasan ya zo tun ranar farko, har da Phantom Liberty, duka a kati ɗaya na gig 64, yana neman hoto 30 ko 40 a daƙiƙa gwargwadon tsarin da ka zaɓa. A wannan wasan Switch 2 ta doke PS4, babu musu. Idan ka ajiye shi kusa da PS5 kuma, za ka ga mutane da motoci sun ragu a titi, kuma PS5 na iya kai shi hoto 60. An bar wasu kaya a gida, amma waɗanda aka bari ba su ne ran wasan ba.

Sai mu zo kan namu. Mu a nan ƙwallo muke bugawa. FC 26 a Switch 2 hoto 30 yake yi a daƙiƙa, alhali tsohuwar PS4 da ke gidan gem na unguwa tana ba da 60 a cikin fili. Wanda ya saba da yanka da saurin juyawa zai ji bambancin a yatsunsa kafin idonsa ya gani. Ka ga ke nan amsar "ta kai PS4?" ta danganta da wasan da kake tambaya a kai. A wani ta wuce, a wani ba ta kai ba.

Ku duba jerin da kyau. Master System ta 1985 ta shiga aljihu a 1990. Super Nintendo ta 1990 ta shiga a 2001. PS2 ta 2000 ta kusa shiga a 2004. Zamanin PS3 ya shiga a 2017. Zamanin PS4 ya shiga da Steam Deck a 2022, ya zauna daram da Switch 2 a 2025. Kullum gem ɗin hannu na yau gem ɗin gida ne na jiya, da ɗan ƙarin wayo. Dalilin ba ragwancin injiniyoyi ba ne, wuta ce. PS4 na jan sama da wat 100 daga bango, PS5 na kai wajen 200, Switch 2 a hannu kuwa dole ta rayu da kusan wat 10. Nintendo da kansu sun ce batirinta awa 2 ne zuwa 6 da rabi, kuma manyan wasannin ƙaura su ne masu cinye shi da wuri. Tsohuwar matsalar Game Gear ce ta dawo da sabuwar riga.

LISSAFIN ƊALIBI

Farashinta a Amurka lokacin da ta fito a 2025 dala 450 ne. A canjin tsakiyar 2025, wajen naira 1,500 kan dala, kusan naira 675,000 ke nan, kafin ribar ɗan kasuwa, kafin ka sayi wasa ko ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, wato albashin sama da wata 9. Kuɗin kashewa na NELFUND naira 20,000 ne a wata, wato sai ka tara na kusan wata 34 ba ka ci ko indomi ba, kuma bashi ne da za ka biya. Mario Kart World shi kaɗai dala 80 ne. Sannan wasanni da yawa na Switch 2 suna zuwa a katin da makulli ne kawai, wasan ba ya ciki, sai ka sauke gig masu yawa daga intanet. Ka tuna kuɗin data, ka tuna yadda netwok ke yi a hostal da dare.

Saboda haka ɗan uwa mai shirin sayar da laftof, don Allah ka dakata. Furojet na jiranka a aji huɗu, Switch 2 ba za ta buga maka babi na ɗaya ba. Tarihin da na jero ya nuna abu ɗaya game da mu: duk na'urar da ta fito tana isowa Jalingo, sai dai ta iso a makare kuma da araha. Famicom ta iso, PS2 ta iso, PSP ta iso ta cikin waya, PS4 ga ta a gidajen gem. Wannan ma za ta iso. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wanda Allah ya hore wa kuma, kafin ka biya ka yi tambaya uku a kan kowane wasa: me aka cire daga na gida, hoto nawa yake yi a daƙiƙa, kuma awa nawa batir ke ɗauka da shi. Kar sunan da ke kan kwali ya ruɗe ka, tun 1993 ake sayar da wasa huɗu da suna ɗaya.

Abu na ƙarshe da nake so mu yi tunani a kai: akwai kayan da babu injiniyan da ya taɓa iya yi wa ƙaura. A gidan gem na Mayo Gwoi, Bahaushe, Bafulatani, Mumuye, Jukun, Kona, Tibi, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, benci ɗaya muke zama, fad ɗaya muke jira, kuma ba a tambayar sunan babanka kafin a zura maka ƙwallo. A jiha irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gem ɗin hannu ya ba mu 'yanci daga janareta da kuɗin fetur, amma ka leƙa ɗakin hostal yau: mutum huɗu, gado huɗu, kowa da wayarsa da abin kunnensa. Idan za ku buga, ku kunna hotsifot ku haɗa wayoyin, a samu wanda za a ci, a samu masu ihu.

Ku faɗa min a ƙasa: wane gem kuka fara riƙewa, kuma a wace unguwa? 'Yan uwa mata, ku ma na san akwai gwanayen maciji da jera bulo a cikinku, kar ku yi shiru. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.